Takardar Hatsi a Bayan Wayar Tafinta



'Yan'uwa masu karatu, dukkan godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa. Na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin akwai wani ɓangare nasa da ya shafe ni, wanda kuma ba na jin daɗin tunawa da shi. Amma tun da na yi wa wasu daga cikinku alkawarin ba da labarin abin da na gani a ƙasar Sin, ga shi yau Allah Ya nufa.

Shimfiɗa

A watan Agusta na shekarar 2024, lokacin da makarantarmu ta Islamiyya take hutu, yayana ya tafi da ni ƙasar Sin. Shi ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana sayar da atamfa da yadi, kuma tun shekarar 2008 yake zuwa birnin Gwanzu saro kaya. Dalilin tafiya da ni shi ne, tafintan da ya saba aiki da shi mai jin Turanci ya bar aikin, wanda aka haɗa shi da shi kuwa Larabci ya iya. Sai ya zamana mai masaƙa ya yi magana da Sinanci, tafinta ya mayar da ita Larabci, ni kuma in mayar wa Yaya da Hausa. Ban taɓa zaton Larabcin da na karanta a zaure da jami'a zai kai ni cinikin yadi a gabashin duniya ba. Ɗalibaina ma sai da suka tsokane ni da maganar nan da ta shahara a bakin mutane game da neman ilmi a Sin, na tunatar da su cewa malaman hadisi sun ce ba ta inganta ba. Da na dawo, na ce musu hukuncin malamai yana nan yadda yake, amma ni dai na samo darasi.

Tafintan namu Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui, waɗanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna sun haura mutum miliyan 11. Asalinsa daga kudancin Ningxia yake, a arewa maso yammacin ƙasar, yanki mai tuddai da ƙarancin ruwa. Kusan sa'ana ne. Yana kirana "ya Ustaz", ni kuma ina ce masa "ya akhi". Mun yi kwana goma sha biyu tare, kuma mafi yawan abin da zan faɗa a nan daga hirarmu ya samo asali, sai abin da na bincika bayan dawowata don in tabbatar da shekaru da alƙaluma.

Kuɗi a hannu, ba canji

Washegarin saukarmu na tsaya wajen wata tsohuwa mai sayar da kayan marmari a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka saba sauka. Na zaɓi ayaba, na miƙa mata takardar yuwan 100. Ta dube ta, ta dube ni, ta girgiza kai, sannan ta nuna mini wani kwali da ke rataye a jikin tebur, mai zane mai kusurwa huɗu cike da baƙaƙen ɗige-ɗige. Ba ta da canji. Tafinta ya ɗaga wayarsa ya haska zanen, wata murya ta fito daga ƙaramar na'ura tana sanar da shigar kuɗi, shi ke nan ciniki ya ƙare. Dokar ƙasar ta hana a ƙi karɓar takardar kuɗi, amma jama'a sun koma biya ta manhajar Alipay, wadda ta fara a shekarar 2004, da WeChat, wadda ta fito a 2011, har ya zama mai shago yana iya wuni bai taɓa kuɗi da hannunsa ba.

Yaya ya yi dariya, ya ce: "Malam, a wannan garin na taɓa ɗaure daloli a cikina kamar mai ɗaurin karaya. Da mun shiga shago sai a kulle ƙofa, a yi ta ƙirga kuɗi da inji." Ya ce a zuwansa na farko, duk cinikin da na'urar lissafi ake yinsa, kowa ya danna farashinsa ya tura wa ɗan'uwansa. Ya nuna mini wuraren da ya sani fili ne ko tsofaffin gidaje, yanzu benaye ne da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Ya kuma ce 'yan Afirka sun ragu ƙwarai a unguwar idan aka kwatanta da wancan lokaci. Shekara goma sha shida ke nan kacal, a idon baƙo mai zuwa ya koma. Sai na fara tunanin me ɗan ƙasa wanda ya shekara saba'in zai ce.

Rubu'in kilo

Amsar ta zo mini a cikin jirgin ƙasa. Mun tashi daga Gwanzu zuwa lardin Zhejiang, inda babbar kasuwar yadi ta Keqiao take. Allon da ke saman ƙofa yana nuna muna gudun kilomita 300 a sa'a ɗaya, alhali shayin da ke gabana ko motsi ba ya yi. Layin farko na irin wannan gudu an buɗe shi ne a watan Agusta na 2008 tsakanin Bejin da Tianjin, kuma kafin ƙarshen 2024 tsawon layukan ya haura kilomita 45,000, wato ya fi na sauran ƙasashen duniya idan aka haɗa su.

Ina cikin mamakin wannan sai na lura da wata 'yar takarda a bayan wayar tafinta, a cikin rigar wayar da ake ganin abin da ke ciki. Ba ta kai tsawon yatsa ba, ta koɗe. Na ɗauka tsohon kuɗi ne. Ya ciro ta a hankali ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce: "Ya Ustaz, wannan takardar hatsi ce. Ta mahaifina ce. Rubu'in kilo ne a jikinta."

Ga bayanin da ya yi mini. Daga shekarar 1955 har zuwa 1993, mutumin birni a ƙasar Sin yana karɓar rabon hatsinsa ne da irin wannan takarda. Idan kana da kuɗi ba ka da ita, ba za a sayar maka da shinkafa ko garin alkama a shagon gwamnati ba, har kwanon taliya a gidan abinci sai ka haɗa kuɗi da takarda. Akwai ta man girki, da ta nama, da ta yadi, wadda ita aka daina a ƙarshen 1983. Manomi kuwa ba a ba shi takardar. Rabonsa yana zuwa ne daga gandun haɗaka, gwargwadon makin aikin da aka rubuta masa. Idan tafiya ta kama shi zuwa birni, sai ya ɗauki hatsi daga rabon gidansa ya kai rumbun gwamnati a musanya masa da takardu, in ba haka ba ya kwana da yunwa a hanya. Mahaifinsa ya yi irin wannan tafiya yana saurayi, ya hana cikinsa abinci sau ɗaya don ya rage wannan guda ya dawo da ita gida. Ba a sake buƙatarta ba har aka daina aiki da ita.

An haifi mahaifin nasa a farkon shekarun 1950, saboda haka yana yaro aka yi babbar yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta biyo bayan shirin Mao Zedong na tara manoma a gandu ɗaya da gaggauta kafa masana'antu. Masana sun saɓa a kan adadin waɗanda suka mutu, daga miliyan 15 zuwa fiye da miliyan 40. Tsohon ba ya son maganar, in ji ɗansa, sai dai har yau idan ƙwayar shinkafa ta faɗi a tebur zai tsince ta ya ci. A kogon da aka fafe a jikin tudu suka tashi. Abincinsu dankalin Turawa ne safe da yamma. Dukiyar gida ita ce rijiyar tara ruwan sama da dusar ƙanƙara, har kulle ta ake yi, kuma ruwan alwala ba a zubar da shi, a kwano ake tara shi a ba dabbobi.

Sauyi ya faro ne a ƙarshen 1978. A wani ƙauye mai suna Xiaogang a lardin Anhui, manoma 18 suka dangwala yatsa a asirce a kan yarjejeniyar raba gonar gandu, kowane gida ya noma nasa, ya biya gwamnati kasonta, ya riƙe saura. Har suka rubuta cewa idan aka ɗaure wasu a cikinsu, sauran za su riƙe musu 'ya'ya. A watan Disamba na wannan shekara ne kuma shugabannin ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Deng Xiaoping, suka juya akala zuwa gyaran tattalin arziki. Kafin tsakiyar shekarun 1980 an rushe gandun haɗaka. A 1980 aka ware Shenzhen a matsayin yankin ciniki na musamman, a 2001 ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 2006 kuma aka soke harajin noma baki ɗaya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a cikin shekara arba'in. Mai karatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaro yana kukan yunwa ba zai raina shi ba.

Ma'aunin kayan aure

Na tambaye shi yadda mutanen gari suke auna wannan sauyi, domin talaka ba ya magana da alƙaluman Bankin Duniya. Ya ce da kayan aure suke aunawa. A shekarun 1970, saurayin da ya isa shi ne wanda ya mallaki abu huɗu: keke, da keken ɗinki, da agogon hannu, da rediyo. Da ya ambaci sunayensu sai Yaya ya gyara zama, domin keken Phoenix da keken ɗinki Butterfly ba baƙi ba ne a wurinmu. Da su iyayenmu suka yi tashe. Abin mamaki shi ne, a ƙasar da ake ƙera su, a wancan lokaci sai mutum ya sami takardar izinin saye daga wurin aikinsa, wani lokaci bayan dogon jira. Mahaifinsa bai sami ko ɗaya ba lokacin aurensa. Keken aro aka ɗauko amarya da shi.

A shekarun 1980 zuwa 1990 ma'aunin ya koma talabijin da firji da injin wanki. Shi kuma da ya tashi aure, abin da dangin amarya suka fara tambaya shi ne gida a birni, sannan mota, sannan kuɗin aure masu nauyi. Kafin 1998, ma'aikacin birni wurin aikinsa ne yake ba shi ɗakin zama. A wannan shekara aka daina, kowa ya koma saye da bashin banki na shekara ashirin ko talatin. Ga kuma ƙarancin mata, domin ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35. Ya ce da yawa daga samarin ƙauyensu sun haura talatin ba su yi aure ba, 'yan mata masu ilmi a birni kuma da yawa ba sa gaggawa. A 2013 an yi rajistar aure fiye da miliyan 13 a faɗin ƙasar. A 2024 adadin ya sauko zuwa miliyan 6 da 'yan kai.

Ya yi murmushi ya ce: "Babana ya yi aure da keken aro, ya kwana ba bashi a kansa. Ni na yi aure da gida mai ɗaki uku a babban garin yankinmu, kuma sai na kusa shekara sittin zan gama biya. Gidan ma a kulle yake, domin aikin da zai biya shi yana nan Gwanzu."

Tsakar gida a cikin waya

Da la'asar ta yi, muna cikin jirgi har yanzu, sai ya buɗe wata manhaja ya miƙo mini wayar. Na ga tsakar gida mai daɓen siminti, da ginin jan bulo, da famfo a gefe, da ƙaramin keken lantarki mai ƙafa uku a jingine. Ya ce gidan mahaifinsa ne, a wannan lokacin da muke kallo. Ya kafa kyamara a saman ƙofa don ya riƙa duba lafiyar tsohon. Can sai ga dattijo da farar hula ya fito da buta, ya tara a famfo, ya zauna a kan kujera yana alwala. Ruwan yana zuba a ƙasa yana bin magudana.

Tafinta ya ce: "Ka gani? Ruwan famfo, da titi har ƙofar gida, da wuta ba yankewa, da firji cike da nama. Duk abin da ya yi mafarki ya samu." Sai wani yaro ɗan kimanin shekara tara ya gilma da gudu. Ya ce: "Ɗana ke nan."

Na tambaya, me ya sa yaron ba ya tare da shi? A nan ya yi mini bayanin hukou, wato rajistar mazauni da aka kafa a 1958, wadda take ɗaure haƙƙin mutum na makaranta da asibiti da tallafi ga garin da aka yi masa rajista. An sassauta ta ƙwarai a ƙanana da matsakaitan birane, amma a manya irin su Bejin da Shangai da Gwanzu, samun gurbi a makarantar gwamnati ga ɗan baƙo yana da sharuɗɗa, ga tsadar haya. Shi da matarsa duk suna aiki daga safe har dare. Sai suka yi abin da miliyoyi suka yi: suka bar yaro wajen kakansa. A 1978, waɗanda suke zaune a birane ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. A 2011 suka haura rabi. A 2024 sun kai kashi 67. A wannan shekarar, ma'aikata 'yan asalin karkara da suka bar noma sun kusa miliyan 300. A 2013 Ƙungiyar Matan Ƙasar Sin ta ƙiyasta yaran karkara da uwa ko uba ko dukansu suka tafi ci-rani suka bari sun kai miliyan 61.

Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, lokacin hutun sabuwar shekarar Sinawa, da masana'antu suke rufewa. Sallah ƙarama da babba a Gwanzu yake yinsu, domin kasuwa ba ta tsayawa. Mahaifiyarsa ta rasu a 2022, lokacin da dokokin korona suka taƙaita tafiye-tafiye, kafin a ɗage su a watan Disamba na wannan shekara. Ta waya ya ga an ɗauki makara. Ya faɗi wannan yana kallon taga, jirgi yana keta gonaki.

Ya ce a zuwansa na ƙarshe ne tsohon ya ba shi takardar hatsin. Sun zauna cin abinci, an cika tebur, sai tsohon ya ce masa: da can mu tara ne a kan kwano ɗaya, abinci ba ya isar mutane, yanzu ni da yaron nan ne kullum, mutane ba sa isar abinci.

Abin da tsohon ya faɗa, ƙidaya ta tabbatar da shi. A 1982 matsakaicin gida a ƙasar Sin yana da mutum fiye da huɗu. A 2020 ya koma 2.62. Dokar haihuwar ɗa ɗaya da aka tsaurara daga 1980, wadda aka yi wa mutanen karkara da ƙananan ƙabilu irin su Hui sassauci a cikinta, ta samar da gidajen da jika ɗaya yake da iyaye biyu da kakanni huɗu a wuyansa. An ba da damar haihuwar biyu daga 2016, uku daga 2021, amma haihuwa ba ta farfaɗo ba. A 2022 yawan jama'ar ƙasar ya ragu, karo na farko tun 1961, a 2025 kuma gwamnati ta fara biyan tallafin yuwan 3,600 a shekara ga kowane yaro da bai kai shekara uku ba. Waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama sun haura miliyan 300. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun a watan Yuli na 2013 dokar kare haƙƙin tsofaffi ta wajabta wa 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu ko tuntuɓarsu a kai a kai, har iyaye suna iya kai ƙara kotu. Wannan kuwa a ƙasar da aka san ta da girmama iyaye tun zamanin Konfushiyas.

Abin da bai faɗa ba

Ranar Juma'a mun yi salla a Gwanzu, a masallacin da ke kusa da kabarin da Musulmin ƙasar suke jingina wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, duk da cewa abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne a Madina aka binne shi. Bayan salla na tambayi tafinta yadda ya koyi Larabci. Ya ce a zamanin juyin al'adu, 1966 zuwa 1976, an rufe masallatai, kakansa a ɓoye yake salla. Daga baya aka buɗe su, aka gina sababbi, aka kafa makarantun Larabci, shi ma a ɗaya daga cikinsu ya yi karatu, kuma da Larabcin yake ci yake sha. Sai na ce, to yaron fa, ya fara karatu? Ya yi shiru, sannan ya ce kakansa yana koya masa abin da ya sawwaƙa a gida. Ya sauya magana, ni ma ban matsa ba.

Bayan na dawo na fahimci shirun. Daga wajajen 2018 hukumomi sun rushe ƙubbobi da hasumiyoyin masallatai da yawa a Ningxia da wasu lardunan, an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna, an kuma tsaurara hana yara karatun addini. Abin da ya faru da Musulmin Uigur a Xinjiang ya fi haka muni, har ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kansa a watan Agusta na 2022. Ni da sana'ata ita ce koyar da yara, na ji nauyin wannan a ƙirjina. Shi ma yana cikin sauyin rayuwar yau da kullum, ko da yake ba a ganinsa ta tagar jirgi.

Tambayar da ta dawo kaina

A darenmu na ƙarshe, muna cin taliya da naman sa a wani gidan abincin Musulmi, sai halin malanta ya motsa mini. Na fara yi masa nasiha a kan haƙƙin iyaye, da cewa dukiya ba ta maye gurbin zama kusa da tsoho, da cewa ya duba yiwuwar komawa gida. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sannan ya ce: "Gaskiya ka faɗa, ya Ustaz. Amma babana ne da kansa ya ce in tafi. Ya ce bai yarda jikansa ya san abin da ya sani ba. Idan na koma, wa zai biya bashin gida da maganinsa?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni, ba da wata manufa ba: "Kai mahaifiyarka tana tare da kai a Kano?"

Na ce a'a, tana ƙauye. Ya ce, tafiyar kwana nawa ce? Na ce sa'a biyu a mota. Ya ce: "Ma sha Allah! To kai kullum kana can ke nan."

Mai karatu, a wannan dare wata biyar ke nan rabona da Inna. Duk ƙarshen wata ina tura mata kuɗi ta waya, ta hannun mai shago a bakin kasuwarmu. Ina kiranta ranar Juma'a, minti uku ko huɗu. Uzurina shi ne darasi, da taron walimar sauka, da tsadar mai. A cikin waɗannan watanni biyar na karantar da babin biyayya ga iyaye a aji biyu, har na sa yara sun haddace. Wannan bawan Allah tsakaninsa da mahaifinsa akwai fiye da kilomita 1,500, da dokar rajista, da bashin banki. Ni ba hukou a kaina, ba wanda ya hana ni hanya. Yaya, wanda bai ji Larabcin ba, ya ce: "Malam, me ya ce?" Na ce masa yana tambayar lafiyar Inna ne. Yaya ma ya sunkuyar da kai ga kwanonsa.

Kammalawa

Ba na cikin masu cewa jiya ta fi yau. Tsohon nan na Ningxia ba zai yarda ya koma kogo da dankali da ruwan kulle ba, kuma ba wanda yake da ikon ya so masa haka. Mu ma nan addu'armu ita ce Allah Ya kawo ranar da yunwa za ta zama labari a ƙasarmu, a sami wuta da ruwa da hanya. Abin da na gani dai shi ne, wadatar da ta zo wa Sinawa ta biyo ta hanyar da ta kwashe matasa daga gaban iyayensu, kuma waya da kyamara da tura kuɗi suna sa mutum ya ji kamar ya sauke nauyi alhali kujerarsa a gida babu kowa a kai. Su sun biya wannan farashi sun karɓi kaya. Tsorona shi ne mu, mun fara biya tun kayan ba su iso ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Kwana uku da dawowata na tafi ƙauye da turmin atamfa da Yaya ya bayar. Na sami Inna tana tsince wake a tsakar gida. Ba ta ambaci wata biyar ba, ba ta tambayi labarin Sin ba. Bayan mun gaisa, ta shafa atamfar ta sa albarka, ta ajiye ta gefe, sannan ta ce: "Auta, za ka kwana?" Niyyata ita ce in juya bayan la'asar. Na ce: "Zan kwana, Inna." Ta tashi ta ƙara gari a tukunya.

Tun daga nan na ware Alhamis da Juma'ar farkon kowane wata, tun da dama ranakun hutun Islamiyya ne. Ba zan ɓoye muku ba, na saɓa sau biyu. Tafinta kuwa muna gaisawa jefi-jefi. A saƙonsa na ƙarshe ya ce tsohon yana nan da ƙarfinsa, yaron kuma ya fi shi tsawo a hoto fiye da yadda ya bar shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suke raye tun suna ganinmu. Allah Ya kawo sauƙi ga 'yan'uwanmu Musulmin Sin, Ya haɗa wannan bawa da mahaifinsa da ɗansa a inuwa ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.